Yinin Baƙo Mai Shanu a Birnin Seoul

Ran nan da yayyafi aka wayi gari a birnin Seoul na ƙasar Koriya, siririn yayyafi wanda ba ya cika kwata amma yana ratsa riga. Watan Mayu ne na 1967. Baƙo mutumin Gozaki yana tsaye a ƙofar masauki tun ba a buɗe ɗakin abinci ba, ya ɗaga kai yana duban sama, yana shinshina iska kamar yadda ya saba a bakin gonarsa. Ba ruwan Koriya ne ya dame shi ba. Tunaninsa shi ne, in nan an fara, can gida fa?

Baƙo a gidan masu bin al'adar kakanni aka haife shi. Da ya zama saurayi ya shiga coci, amma bai sake suna ba, bai kuma bar gandun gidansu ba. Karatunsa bai wuce ya haɗa baƙi a littafin waƙa ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne hannun shanu. Ɗan maraƙin da ya gagari kowa, in aka kai wa Baƙo, kafin wata biyu za ka gan shi yana bin kunya a miƙe kamar an ja zare. Daga Dayi har ƙauyukan Funtuwa ana kawo masa shanu ya hora. Shi ya sa da takarda ta zo wa mishan cewa za a yi taron manoma na coci-coci a Koriya, ana son manomi na gaske mai kanta a hannu, ba a daɗe ana shawara ba. Aka haɗa shi da Malam Sulemanu, malamin makaranta a Malumfashi, don ya riƙa juya masa Turanci. Sulemanu taubashinsa ne, tun suna yara kowa ke cewa shi ne ubangidan ɗaya.

Amma Baƙo da damuwa ya hau jirgi. Shanun huɗarsa biyu ne, Goshi da Ɗanbaƙi. Bayan kaka Ɗanbaƙi ya tsinke igiya ya faɗa gyauron dawa, cikinsa ya kumbura, kafin a kai masa ɗauki ya mutu. Aka bar Goshi shi kaɗai. A ƙasarmu kuwa ba wanda ya taɓa ganin an yi huɗa da sa ɗaya. Karkiya doguwa ce, wuya biyu take hawa. Baƙo ya gwada haɗa Goshi da shanun maƙwabta har uku, amma Goshi ƙato ne, sai ya ja ɗan'uwan nasa a karkace, kunya ta fito kamar tafiyar maciji. Yayansa Dogo, wanda shi ne babban gandu, ya zuba ido har rani ya yi nisa, sannan ya yanke magana.

"San da ke cin harawa ba ya aiki, na mahauta ne. In ruwa ya zauna Goshi bai shiga huɗa ba, zan aika Funtuwa."

Ba a musu da babban gandu. Amma Goshi a hannunsa ya tashi, tun yana shan ruwan dusa a ƙwarya.

To ranar da suka sauka Koriya, a hanyar shiga gari daga filin jirgi, Baƙo ya leƙa ta tagar mota ya ga abin da ya sa ya miƙe har kansa ya bugi rufi. Wani mutum ne cikin fadamar shinkafa, ruwa har ƙwauri, yana tura garma. A gabansa sa ɗaya tak. Baƙo ya nemi na biyun bai gani ba. Kafin ya ga abin da ke wuyan san, mota ta sha kwana.

Kwana tara suka yi a ɗakin taro. Aka yi maganar taki, aka yi ta ƙungiya, aka haska hotuna a bango. Baƙo yana zaune, ƙafarsa tana kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Rana ta goma ita ce ta yawon ganin gari, gobenta jirgi.

Mai yi musu jagora wata budurwa ce, Malama Yun, da laima a hannu ɗaya, 'yar tuta rawaya a ɗayan. Ta ƙirga su kamar awaki, su ashirin da wani abu, Indiyawa da mutanen Gana da wasu da Baƙo bai san inda suka fito ba, ta zuba su a mota. Ba su yi nisa ba sai ga keken shanu a gefen titi, an lafta masa buhuna, sa ɗaya yana ja. Baƙo ya manna goshi a gilashi. Ga wani can. Ga wani kuma yana fitowa daga lungu. Gari cike da abin da yake nema, mota kuwa ba ta tsayawa.

Ya zunguri Sulemanu. "Kai, gaya mata shanunsu suna da kyau."

"Shi ke nan saƙon?"

"Gaya mata dai."

A gidan da Baƙo ya tashi, baƙo ba ya buɗe baki ya roƙi mai gida. Abin kunya ne, kamar ka ce ba a kula da kai ba. Sai dai ka yaba abin da kake so. In ka yaba sau ɗaya, ladabi ne. In ka maimaita, mai gida mai hankali ya gane. In ka kai uku, ko kurma ne ya tashi ya kai ka wurin abin. Baƙo ya ɗauka haka duniya take ko'ina.

Sulemanu ya juya maganar. Malama Yun ta yi ɗan murmushi, ta rusuna, ta nuna musu wani dogon bene da ake ginawa a ɗaya gefen. Duk inda keken shanu ya ɓullo ta dama, tutarta sai ta nuna hagu. Baƙo ya lura da haka, ya rasa dalili.

Aka fara kai su fadar sarakunan da. Rufin ya lanƙwasa sama kamar ƙahon bauna, ginshiƙai jajaye, an zane ƙarƙashin rufin da kore da shuɗi. Malama Yun tana ta lissafa sunayen sarakuna, Sulemanu yana rubutawa a ɗan littafinsa har da lumshe ido. Baƙo ya shafa wani ginshiƙi, ya ƙwanƙwasa, ya ce itacen kirki ne, sannan ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana leƙen titi.

"Kai baƙauye," in ji Sulemanu, "an kawo ka gidan sarki kana leƙen waje kamar akuyar da aka ɗaure?"

"Sarkin yana ciki?"

"Ya mutu tun tuni."

"To wa zan gaisar?"

"Allah ya shirye ka. In mun koma aka ce me ka gani, me za ka ce?"

"In ce na ga bawana yana rubuta sunan matattu. Sake gaya mata maganar shanun."

Sulemanu ya yi tsaki, amma ya faɗa. Wannan karon Malama Yun ta dubi Baƙo da kyau, ta gyaɗa kai, ta rubuta wani abu a takardarta. Zuciyar Baƙo ta ɗan kwanta. Ya ce a ransa, yarinyar nan 'yar gidan mutunci ce.

Daga nan sai dutsen da ke tsakiyar gari. Aka cusa su cikin wani akwatin ƙarfe mai rataye a waya, ya ɗaga su sama yana lilo. Sulemanu ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, yana karanta Zabura a ƙasa-ƙasa. Baƙo bai ma tsaya tsokanarsa ba. Daga sama ana ganin gari duka, da babban kogi, da gada, can bayan kogin kuma ga fadamu suna ƙyalli. Ya hangi wasu ɗige-ɗige suna motsi a cikinsu, ya san shanu ne. Ya dubi rana, duk da gajimare ya san ta kusa tsaka. Rabin yini ya tafi. Da suka sauko ya sa Sulemanu ya faɗa na uku, har ya ƙara da cewa bai taɓa ganin irinsu ba.

Malama Yun ta tafa hannu, ta yi wa direba magana da yarensu. Mota ta bar babban titi ta shiga wata unguwa. Baƙo ya gyara hula, ya matsa bakin kujera. Aka tsaya a ƙofar wani gida mai hayaƙi, aka ce kowa ya tuɓe takalmi, aka zaunar da su a ƙasa kewaye da gajerun tebura. Sai ga kaskon garwashi, sai ga faranti cike da nama an yanka shi falle-falle.

Malama Yun ta zo da kanta ta durƙusa kusa da Baƙo, ta yi magana tana fara'a. Sulemanu ya saurara, sai ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa.

"Me ta ce?"

"Ta ce tun safe kake yabon shanunsu, shi ya sa ta sauya wurin cin abinci dominka. Wai ga su nan, ka ci ka ƙoshi."

Baƙo ya dubi naman yana ƙauri a kan wuta. Abin da ya zo masa shi ne wuƙar mahautan Funtuwa. Amma an yi dominsa, ba halin ƙi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tauna yanka ɗaya kamar yana tauna igiya. Sulemanu kuwa ya ci nasa ya ci na Baƙo, yana share hawaye, rabi na dariya rabi na yajin kabejinsu.

"Ka faɗa mata kai tsaye mana," in ji shi da ya sami numfashi. "Nan ba Gozaki ba ce."

"In roƙi mai masaukina? Da bakina?"

"To zauna nan. Ni dai ba zan ce mata malamin gona ya ƙetare teku don ya ga wuyan sa ba. Ka ga yadda take kau da kai in ta ga keken nan. Kunyarsa take ji, so take mu ga benaye."

Wurin ƙarshe wata tsohuwar ƙofar gari ce, ta dutse, mai rufi hawa biyu, motoci suna kewaya ta. Kusa da ita kasuwa. Malama Yun ta ɗaga yatsu ta ce minti talatin, kowa ya sayi tsaraba, kada wanda ya bar ganin tuta. Jama'a suka bi ta. Baƙo yana can baya, sai ya ji ƙarar da ya sani, ƙarar ƙafar keke a kan tsakuwa da numfashin sa. Ya waiga. Jan sa ne, gajere, yana jan lodin itace zai shiga wani lungu. Baƙo ya dubi tuta tana nisa, ya dubi wutsiyar san tana shigewa. Ya tattare rigarsa ya bi wutsiya.

Lungu ya kai shi wani lungun, wannan ya kai shi wani. Ya bi ta cikin masu kifi da masu tukwane, yara suna nuna shi, bai kula ba. A bayan wani gidan gawayi keken ya tsaya. Mai shi tsoho ne, da farin ƙyalle ɗaure a ka. Baƙo ya cire takalmi a cikin caɓin nan, ya durƙusa ya gaishe shi da Hausa tiryan-tiryan, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa. Tsohon ya ja da baya, ya riƙe sandarsa. Sai Baƙo ya miƙe a hankali ya matsa wajen san ta gefen hagu, ya bari ya shinshina hannunsa, ya sosa masa gindin kunne, ya yi masa 'yar ƙarar nan da yake yi wa Goshi da harshe. San ya sauke kai. Tsohon ya sauke sanda.

Karkiyar guntuwa ce, itace ɗaya mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, ta hau wuyan ta zauna daram, da igiya ta zagayo ta ƙasa. Baƙo ya sunkuya ya kwaikwayi mai tura garma, ya ɗaga yatsa ɗaya. Tsohon ya yi dariya, bakinsa ba haƙora. Ya tsuguna ya zana a caɓi da tsinke: ga sa, ga igiya biyu sun taso daga bakin karkiya dama da hagu, sun bi haƙarƙari, sun haɗu a wani guntun itace a bayan ƙafafu, garma kuma a tsakiyar itacen take ɗaure. Baƙo ya buga cinya. Abin da ya hana shi barci wata biyar ke nan, a zane cikin taɓo.

Saura awo. Ba shi da takarda, ko da yana da ita ba za ta amfane shi ba. Ya lalube aljihu, ba igiya. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya sa hannu ƙarƙashin riga ya zare mazagin wandonsa. Ya auna tsawon karkiya ya ƙulla. Ya auna zurfin lanƙwasar ya ƙulla. Kaurin itacen, ƙulli. Tsawon guntun itacen baya, tsohon ya gwada masa da hannu, ƙulli biyu. Duk wannan da gwiwoyi a matse yake yi, don wandon irin mai faɗin nan ne. Da tsohon ya gane abin da ke faruwa sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

A haka suka same shi. Malama Yun ce a gaba, ba laima, gashinta ya jiƙe, Sulemanu a baya yana haki.

"Baƙo! Ka kashe mu! Awa guda ana nemanka, har an je wurin 'yan sanda. Mutum ashirin suna zaune a mota saboda kai!"

Malama Yun tana magana da sauri. Ba sai an juya masa ba, ya san faɗa ne, ya kuma san da gaskiyarta: in baƙo ya ɓace, ita za a tuhuma. Ya sunkuyar da kai, hannu ɗaya riƙe da ƙugu. Da ta tsagaita ya ce, "Sulemanu, gaya mata na yi laifi. Kuma gaya mata ina da sa ɗaya a gida, ɗan'uwansa ya mutu. In ban koyi wannan ba, yanka shi za a yi."

Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya faɗa wa mai masauki buƙatarsa da baki. Daga baya ya ce ya ji kamar ya tuɓe a kasuwa, ga shi kuwa saura kaɗan hakan ta faru.

Malama Yun ta dubi zanen da ke ƙasa, ta dubi igiya mai ƙulle-ƙulle. Ta ce wani abu a hankali.

"Wai me ya sa ba ka faɗa tun safe ba? Ta ce ita ma a ƙauye aka haife ta, ubanta da irin wannan yake noma."

Sai ta miƙa wa Sulemanu tutar, ta tattare siket ta tsuguna kusa da tsohon. Baƙo yana tambaya, Sulemanu yana juyawa, ita tana juyawa, amsa ta biyo hanya ta dawo. Wane itace? Wanda ya tsiro a lanƙwashe, ba a sassaƙa miƙaƙƙe a tanƙwara shi, karyewa yake. Igiya ba ta cin haƙarƙari? A naɗa mata tsumma. Wa ke jan san a gaba? Ba kowa, da linzami ɗaya da murya ake sarrafa shi daga baya. Mutanen mota suka ƙara jiran rabin awa. A hoton da aka ɗauka a gaban ƙofar dutsen da yamma, kowa ya saki hannu, Baƙo ne kaɗai hannunsa na hagu yake cikin riga.

Ya iso Gozaki ya tarar an yi ruwan shuka da kwana shida, dawa ta fara huda ƙasa. Bai kwana biyu ba ya shiga daji neman reshe mai gwiwa, ya samu a jikin wata marke, ya kai wa Jibo masassaƙi tare da mazagin. Jibo ya bi ƙulli ɗaya bayan ɗaya ya fitar da ita daidai. Aka ɗora wa Goshi, ta ƙi zama. Sai a lokacin Baƙo ya tuna jan san nan na Seoul ba shi da tozo, wuyansa kuma bai kai na Goshi ba. Ya auno komai, bai auno wannan ba.

"Ka je har ƙarshen duniya ka auno wuyan san wani," in ji Jibo, "naka yana ɗaure a ƙofar gida."

Karkiya ta biyu ta yi faɗi, tana zamewa. Kwana goma suka tafi a haka, ruwa ya zauna, maƙwabta suka fara huɗa. Marka matar Baƙo ta ce ko tuwo ba ya zama ya ci, a tsaye yake kai loma. Ran da aka gama ta uku, ran nan ne mahaucin ya iso daga Funtuwa a kan keke, da igiyarsa a ɗaure a sirdi, don Dogo ya riga ya aika.

Baƙo bai roƙi yayansa ba. Ya dai fito da Goshi ya ɗaura masa kayan a gonar jigawa da ke bayan gida, inda Dogo da baƙonsa suke zaune a gindin ɗorawa za su iya gani. Goshi ya waiga gefen da Ɗanbaƙi ya saba tsayawa, ya ƙi motsi. Baƙo ya yi masa magana. Ya taka, igiya ta miƙe, ya tsaya. Ya sake takawa, garma ta shiga ƙasa. Kunyar farko ta karkace, ta biyu ma haka. Ta huɗu ta fita sosai har ƙarshen gona.

Dogo ya taso ya zo ya tura ƙafa cikin kunyar, ya duba zurfinta. Ya ce ba ta kai ta shanu biyu ba. Baƙo ya ce haka ne. Dogo ya daɗe a tsaye, sannan ya koma gindin ɗorawa ya ce wa Marka ta kawo wa mahaucin fura, ya sha kafin ya kama hanya, rana tana yi.

Gaskiya abin bai zama yadda Baƙo ya so duka ba. A laka, inda ake shuka auduga, sa ɗaya ba ya iya jan garmar, sai da aka koma hannu a can. A jigawa ma rabin yini Goshi ke yi a sauke shi. Mutum huɗu ko biyar ne suka kwaikwaya, su ma da suka sami na biyu suka koma doguwar karkiya. Amma Goshi ya ƙara damina shida yana huɗa, a garke ya tsufa. Baƙo ya ci gaba da horar da shanun mutane har ƙarfinsa ya ƙare, bai sake fita ko Kaduna ba.

Yanzu yana Dayi wurin 'yarsa Dorkas. Idonsa ya yi rauni, amma yana fita da sanda, ran Lahadi kuma ana kai shi coci a bayan babur.